Ba A Fafe Gora Ranar Tafiya

Na san duk wanda ya buɗe wannan mujalla tamu, abin da yake sa ran gani shi ne waƙa, ko nazarin karin magana, ko gardamar nan da ba ta ƙarewa a kan ƙa'idojin rubutu. To, ni yau batirin mota na kawo muku. Kada mai karatu ya yi saurin juya shafi, domin wannan baƙin akwati da direba ba ya tunawa da shi sai ranar da ya ƙi aiki, ya taɓa kusan jawo mini abin da zan mutu ina nadamarsa. Ga yadda abin ya faru.

Ni haifaffen Kakuri ne, a kudancin kogin Kaduna, wato in ka haye gada ka wuce tashar jirgin ƙasa. Unguwa ce ta ma'aikata tun asalinta. Nan aka buɗe masaƙar Kaduna Textiles a 1957, wadansu masaƙu suka biyo bayanta, nan ne kuma aka fara haɗa motocin Peugeot, waɗanda mutanenmu ke kira Fijo, a 1975. Mahaifina ya daɗe yana aiki a ɗaya daga cikin masaƙun nan. Da masaƙu suka shiga durƙushewa, har ita Kaduna Textiles ta rufe a 2002, sai ya tattara ɗan abin da ya tara ya sayi tsohuwar Peugeot 504 ya kama haya. Da wannan mota aka ciyar da mu, da ita aka biya mana kuɗin makaranta. Ko da ta tsufa fasinja suka daina shigarta, ba ta rasa shatar kayan 'yan tireda da na 'yan kasuwar Litinin ta Kakuri ba.

A ƙarshen watan Nuwamba na 2018 aka aiko wa Baba cewa wansa ba shi da lafiya a ƙauye, ga kuma amfanin gona a yashe babu mai kawo shi gida. Ni kuwa lokacin na gama sakandare ina zaune ina jiran sakamakon neman shiga jami'a. Da asubar ranar da zai tafi ya kira ni gindin mota, ya ɗaga bonet, ya miƙo mini makulli ya ce, "Ga amana. Kowace Jumma'a in an sauko daga masallaci ka tashe ta, ka zaga da ita kamar rabin awa. Ka buɗe batir ka duba ruwa. Kada ka kunna rediyo inji yana kashe. Ka ga yayarka tana gida, ba a san ranar da za a nemi mota ba." Na ce, "To, Baba, in Allah ya yarda." Dalilin da ya ambaci yayata shi ne ta zo goyon ciki, haihuwarta ta fari, kamar yadda aka saba.

Jumma'ar farko na cika umurni. Ta biyu na tashe ta a ƙofar gida na minti biyar na kashe, don ina jin ƙyashin mai. Daga nan sai Shaiɗan ya nuna mini wani amfani da mota ke da shi. In an ɗauke wuta da dare, ni da abokaina sai mu shige ciki mu rufe ƙofa saboda sanyi, mu kunna rediyo muna jin sharhin ƙwallo, mu kunna fitilar ciki, kowa ya jona wayarsa. A Jumma'a ta huɗu da na murɗa makulli na ji inji ya juya da ƙyar, kamar tsoho zai miƙe daga tabarma, amma ya tashi. Na ce ai sanyi ne. Daga ranar ban sake ko ɗaga bonet ba. Duk sa'ad da Baba ya bugo waya ya tambaya, sai in ce, "Lafiya lau take, Baba."

Ranar wanka ba a ɓoyon cibiya. A wani dare cikin watan Janairu na 2019, wajen ƙarfe biyu, hunturu na busawa, na ji ana bubbuga ƙofar ɗakina. Inna ce. Ita da ba ta ko kama sunan yayata saboda kunyar ɗan fari, ran nan muryarta na rawa ta ce, "Tashi ka fito da mota, yarinyar nan jini take zubarwa." Unguwarzoma ta riga ta ce abin ya fi ƙarfinta, sai asibiti.

Aka kamo Yaya aka kwantar da ita a kujerar baya. Na zauna na murɗa makulli. Ƙyas! Na sake murɗawa. Ƙyas! A karo na uku ko ƙyas ɗin ban ji ba, 'yar jar fitilar da ke gaban direba ma ta yi ja-ja ta mutu. Wallahi a cikin wannan sanyi gumi ya jiƙa mini riga. Na ruga na taso samarin layinmu, muka tura ta har bakin kwalta, na sa giya na saki kuloci, ta yi tari ta yi shiru. Muka juyo da ita muka sake, haka. A lokacin ban san dalili ba, sai daga baya na gane cewa turi yana tashin mota ne in da sauran 'yar wuta a batir da za ta kai ga fulogi. Namu kuwa na tatse shi ƙarƙaf. Ga dare ya raba, babu ɗan acaɓa, babu Keke, Yaya tana nishi a baya, Inna tana ta salati.

Hayaniyarmu ce ta tashi wani maƙwabcinmu, dattijo, Kirista mutumin wajen Kafanchan, wanda suka yi aiki a masaƙa ɗaya da Baba. Wanda ya san Kaduna ya san tun bayan rikicin 2000 mutane da yawa suka yi ƙaura, wadansu suka haye kogi zuwa arewa, wadansu suka gangaro kudu, kowa yana neman inda nasa suka fi yawa. Su biyun nan ba wanda ya gusa. Ya fito da tocila, ya leƙa mota, bai tambayi kowa kome ba. Yana da tsohuwar bas da ke jingine a kan duwatsu an cire mata ƙafa ana gyara, amma batirinta na nan da ransa. Ya kwanto shi ya rungumo, ya cire namu ya ɗaura nasa, ya ce da ni, "Matsa, yarona, hannunka rawa yake yi." Murɗawa ɗaya mota ta tashi. Shi ya ja mu har asibiti.

Kusan minti 40 muka ɓata tsakanin fitowa da Yaya da tashin motar nan. An yi mata aiki kafin asuba, an ƙara mata jini leda biyu, ta kwana tara a asibiti. Allah ya raya ta, ya raya yaron. Amma ni na san abin da na zauna ina lissafawa a barandar asibitin nan har gari ya waye, ba na kuma fatan ko maƙiyina ya yi irin wannan lissafi.

Da Baba ya dawo na ɗauka duka zan sha. Bai ko ɗaga murya ba. Bayan suna da kwana biyu ya kira ni, ya nuna mataccen batirin ya ce, "Ɗauka." Na ɗora shi a ka, nauyinsa ya fi kilo 15, ya sa ni gaba har rumfar wani mai cajin batir a bakin hanyar Makera. Suka gaisa, ya ce masa, "Ga ɗanka nan. Shi ya kashe wannan. Ka nuna masa yadda ya kashe shi, ya zauna wurinka har ranar da makaranta ta kira shi." Ya juya ya tafi. Wata takwas na yi a rumfar nan, abin da na koya a cikinta kuwa shi nake so in gutsura wa mai karatu.

Maigidana bai yi boko mai zurfi ba, amma ya san cikin batir kamar yunwar cikinsa. Duk rigunansa huji ne, domin ruwan batir in ya ɗiga a tufa sai ya ci ta. Ran farko ya jawo wani fasasshen batir ya nuna mini. Ashe ɗaki shida ne a ciki, kowane da murfinsa, kowane yana ba da wuta bolt 2.1, in an haɗa su a sami 12.6. A kowane ɗaki akwai faranta na darma jere, wadansu masu ruwan ƙasa-ƙasa, wadansu masu ruwan toka, suna jiƙe cikin ruwa mai asid. Daga baya na karanta cewa wani Bafaranshe mai suna Gaston Planté ya ƙago wannan dabara a 1859, har yau kuwa ita ce ke tashin yawancin motocin duniya.

Ya ce, "Kai ɗan boko, saurara. In batir yana ba da wuta, asid ɗin barin ruwa yake yi ya shige jikin faranti, ya zama wani farin abu kamar gishiri. Ruwan sai ya yi ta tsinkewa har ya kusa komawa ruwan sha. In an yi caji, asid ya baro faranti ya dawo cikin ruwa. To, in ka bar shi babu caji mako da makonni, farin abin nan sai ya daskare ya yi tauri, ko ka kwana kana ba shi wuta ba zai narke ba. Tuwo ne ya kwana a tukunya, in ka wanke da wuri ruwa kaɗai ya isa, in ka bari sai ka kankare."

Sa'an nan ya ɗauko abin awonsa na farko, wata kwalba doguwa mai robar matsawa a ka, da wani ɗan tulu mai lambobi yana yawo a ciki. Shi ne ma'aunin nauyin ruwan batir. Sai ka zuƙo ruwan ɗaki guda, ka ɗaga daidai idonka, ka karanta inda ɗan tulun ya tsaya. Cikakken batir yana nuna wajen 1.265, wanda ya yi rabi wajen 1.190, wanda ya ƙare kuwa 1.120. Ba ɗaki ɗaya ake aunawa a tafi ba, duk shidan ake bi. In ɗaya ya bambanta da 'yan'uwansa da 0.050 bayan an yi caji, to, wannan ɗakin ya lalace, ɗaki ɗaya kuwa in ya mutu ya ja sauran biyar.

Abin awo na biyu mita ce, wadda ake ɗora wayoyinta biyu a kan batir, ja a kan mai alamar tarawa, baƙa a kan mai alamar ɗebewa. A nan ne na sha mamaki, domin a da ina tsammani batir mai bolt 12 in ya nuna 12 ai lafiya ke nan. Ashe ba haka ba ne. In ya nuna 12.6 ya cika. In 12.4 ne kashi ɗaya cikin huɗu ya tafi. In 12.2 ne saura rabi. In ya sauko 12.0 kuwa, ɗan abin da ya rage bai fi rubu'i ba, a gaggauta kai shi caji. Amma ba a awon nan da an kashe inji ko an cire shi daga caji, domin a lokacin yakan nuna abin da ba shi da shi. Sai a bar shi ya huta 'yan awoyi, in kuwa ana sauri a kunna manyan fitilu kamar minti ɗaya a kashe tukuna.

Akwai awo biyu kuma da ake yi batir yana jikin mota. Na farko, wani ya murɗa makulli kai kana duban mita. In wuta ta faɗi ƙasa da 9.6 lokacin da inji ke juyawa, batirin ya raunana ko da ya nuna cika a zaune. Na biyu, bayan inji ya tashi, mita ta hau tsakanin 13.8 da 14.4. In ba ta hau ba, laifin ba na batir ba ne, alteneta ce ba ta mayar masa da abin da ya bayar, ko kuwa fambel ya saki, sai a nemi mai riwaya. In ta zarce 15, ana dafa batirin ne, ruwansa zai yi ta ƙonewa. Na ga mutane da yawa sun sayi sabon batir alhali fambel kaɗai za a ɗaure musu.

Namu da aka auna 10.3 ya nuna. Da aka buɗe murafe, ruwa ya janye har kawunan faranta sun fito fili sun bushe sun yi fari. Maigida ya cika shi da ruwa, ya sa shi a caji mai sanyi, wato kashi ɗaya cikin goma na ƙarfin da aka rubuta a jikinsa, mai 60 a ba shi 6. Ya ce cajin gaggawa kamar ɗura wa mai azumi tuwo ne da ludayi. Kwana biyu muna jira. Ɗakuna huɗu suka ɗan farfaɗo, biyu suka ƙi motsi. Ya dube ni ya ce, "Sai dai a yi wa babanka ta'aziyya." Buhu biyu na masarar da Baba ya kawo daga ƙauye aka sayar aka sayi wani.

Game da ruwa, abin da ya fi nanata mini shi ne ba a ƙara wa batir asid. Abin da ke ƙonewa ruwa ne, asid yana nan bai je ko'ina ba. Ruwan da ake ƙarawa kuwa tatacce ne, wanda aka tafasa aka tari tururinsa, shi ake sayarwa da sunan ruwan batir. Ruwan rijiya da na famfo da na leda duk suna da gishiri-gishirin ƙasa da ke ɓata faranti, kome haskensu a ido. A zuba har ya rufe faranta da kamar faɗin yatsa, kada a cika shi fal, don in ya ɗauki zafi zai tumbatso. Batiran da ake rufewa ruf babu murfi, masu ɗan ido da ke nuna kore ko baƙi, ba a ƙara musu ruwa, kuma idon nan ɗaki ɗaya kaɗai yake gani, saboda haka mita ta fi shi gaskiya.

Sai kawunan batir. Farin gari ko koren da ke taruwa a kansu yana tare wuta, har mutum ya ɗauka batir ya mutu. Mu jiƙa kanwa muke yi a ruwan ɗumi mu wanke su da tsohon buroshi, domin kanwa tana kashe kaifin asid, amma a kula ko ɗigo kada ya shiga cikin ɗakunan. In sun bushe a ɗaure tamau a shafa ɗan giris. Wajen kwancewa a fara da wayar ɗebewa, wajen ɗaurawa ita ce ta ƙarshe, don kada sifana ta taɓa jikin mota ta yi tartsatsi. Wanda zai ajiye mota ta daɗe, ya cire wannan waya, ya riƙa kai batir caji wata-wata, domin ko ba a taɓa shi ba yana zubar da wutarsa a hankali, ya fi kuma yin haka a lokacin zafi. Tashin mota na minti biyar a ƙofar gida, irin wanda na yi, bai cika mayar da abin da tashin ya ci ba. Maigida yakan ce zafin Maris da Afrilu ke cinye batir, amma sai sanyin Disamba ake ganin gawarsa, sa'ad da man inji ya yi kauri, batir kuma ya yi nauyin jiki.

Abu guda da ya taɓa marina a kai shi ne ranar da na ɗauki guntun waya zan haɗa kawunan batir biyu in ga tartsatsi, kamar yadda na ga yaran gareji suna yi don su gane ko da wuta. Ya ce, "Idonka nawa?" Batirin da ke caji yana fitar da wata iska da ba a gani, mai kamawa da wuta nan take, tartsatsi ɗaya ko guntun taba ya isa ya fasa shi ya watsa wa mutum asid a fuska. In tsautsayi ya sa ya taɓa ido ko fata, a yi ta kwarara ruwa mai yawa, sa'an nan a nufi asibiti. Haka kuma bai yarda a tuntsurar da ruwan mataccen batir a kwata ba, domin kwatar Makera kogin Kaduna take zuwa, bai kuma yarda yara su fasa shi su narka darma ba. Darma guba ce, ta fi kuma yi wa ƙananan yara illa. A wata unguwa ta bayan birnin Dakar a ƙasar Senegal, yara 18 suka mutu tsakanin 2007 da 2008 saboda ƙurar darmar tsofaffin batira da ake fasawa a cikin unguwa. Mu ma nan gida ba mu manta da yara fiye da 400 da gubar darma ta wajen haƙar zinariya ta kashe a Zamfara a 2010 ba.

To, jama'a, abin da na fi riƙewa daga rumfar nan shi ne batir ba ya mutuwar fuju'a. Kafin ya ƙi aiki sai ya yi sallama sau da yawa: fitila ta dushe, ham ya shaƙe, inji ya juya da ƙyar da safe. Namu ya yi mini sallama tun Jumma'a ta huɗu, na ji da kunnena, na ce sanyi ne. Awon da zai gaya mini gaskiya bai fi minti biyu ba. Abin da ya hana ni kai shi a auna kuwa ba jahilci kaɗai ba ne, tsoron abin da awon zai nuna ne, domin in ya nuna, sai in faɗa wa Baba abin da muke yi da dare. Na zaɓi in yi ta cewa "lafiya lau" ina fatan ranar ba za ta zo ba. Na tabbata a cikin masu karanta wannan akwai mai irin wannan "lafiya lau" ɗin, ko a kan littafin da bai buɗe ba tun farkon zango, ko a kan ciwon da yake ɓoyewa, ko a kan amanar da aka bar masa.

Da zan tafi makaranta Maigida ya ba ni tsohuwar mitarsa kyauta. Duk hutun da na je gida, ranar Jumma'a in an sauko, nakan ɗaga bonet ɗin Fijo in auna, in wuce gidan maƙwabcinmu in auna na bas ɗinsa, ko bai ce ba. Yaron nan da aka haifa a daren, in sun zo gida, shi ke riƙe mini murafen batir yana ƙirga su, ɗaya har shida, kada ɗaya ya ɓace. Baba kuwa har yau bai sake tayar da maganar daren nan ba, sai dai in ya ga na rufe bonet ya tambaya, "Nawa?" In ce, "12.6, Baba." Ya ce, "Madalla."

Allah ya ba mu ikon riƙe amana, ya kiyashe mu da aikin da-na-sani, amin. Wassalam.